In Manhaja Ta Rufe Kanta, Kada A Yi Saurin Danna "A'a"

Duk mai amfani da Firefox ko LibreOffice ko Ubuntu ya san abin: ana tsakiyar aiki sai manhaja ta ɗauke, wani ɗan akwati ya fito yana ba da haƙuri, yana tambaya ko a aika wa maginanta rahoto. Yawancinmu rufe shi muke yi cikin haushi, alhali ta nan gyaran yake farawa.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun gininta a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. Da yawa daga masu kula da irinta 'yan sa-kai ne, ba su da ɗakin gwaji mai kowace irin kwamfuta. Matsalar da ke kayar da manhaja a tsohuwar kwamfutar da ka saya ta hannu, mai yiwuwa ba za ta taɓa bayyana a sabuwar da ke gaban magini ba. In ba ka faɗa ba, ina zai sani?

A daidai lokacin faɗuwar, wata ƙaramar manhaja takan tattara bayani: inda aikin ya tsaya a cikin rubutun, sigar manhajar, da irin na'urar. A can inda rahotanni ke sauka, ana haɗa masu kama da juna a ƙirga su, kuma ƙirgar ce ke nuna abin da za a fara gyarawa. Ko Microsoft, wanda manhajojinsa rufaffu ne, ya bayyana a 2002 cewa kashi 1 cikin 100 na kurakurai ne ke jawo rabin matsalolin da ake kawo masa rahotonsu. Wajen tattara irin wannan rahoto, Mozilla, mai Firefox, ta fara amfani da Breakpad da fitowar Firefox 3 a 2008, Ubuntu tana da Apport, Fedora kuma ABRT.

Sai dai masu ɗari-ɗari ma suna da hujja. Cikakken rahoto yakan kwaso abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta a wannan lokacin, kuma a ciki ana iya samun guntun wasiƙar da kake rubutawa, adireshin shafin da ka buɗe, kai har da kalmar sirri. A ƙarshen 2013 mujallar Der Spiegel ta Jamus ta ruwaito cewa hukumar leƙen asirin Amurka, NSA, tana tsintar rahotannin faɗuwar Windows a kan hanyarsu. A Disambar 2017 kuwa Mozilla da kanta ta amsa cewa wani kuskure ya sa Firefox tana aika wasu rahotanni ba tare da izinin masu ita ba, ta fitar da sigar 57.0.3 ta toshe shi. Abin kunya ne, ba shakka. Amma a buɗaɗɗiyar manhaja masu sani suna iya duba ainihin abin da ake aikawa, su yi magana. Haka aka yi a 2021, da sababbin masu buɗaɗɗiyar manhajar Audacity suka kawo shirin tattara bayanan masu amfani: jama'a suka yi ca, dole suka ja da baya.

Saboda haka, in akwatin ya fito, fara danna inda ake nuna cikakken bayani ka ga abin da zai tafi. A Firefox akwai zaɓin haɗawa da adireshin shafin da kake kai. Cire shi in shafin banki ne ko na wani sirri. A gurbin sharhi rubuta abin da kake yi kafin ta faɗi, ko da layi ɗaya ne, ban da lambar waya da sunan kowa. Kwamfutar ofis, musamman ta asibiti ko ta ajiyar kuɗi, a tambayi mai kula da ita tukuna. In kuwa taka ce ta gida, kuma ba wani abin ɓoyewa a buɗe, don Allah ka aika.