Aikin Gayya a Cikin Kwamfuta: Muhimmancin Ƙa'idar Amdahl ga Mai Koyarwa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta jawo hankalin malaman da ke koyar da ƙirar kwamfuta a makarantun ilimi mai zurfi na yankin Batagarawa, kamar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kan wata ƙa'ida da ta kamata ɗalibi ya ƙware a kanta tun daga tushe.

2.0 Daga Masarrafi Ɗaya Zuwa Masu Yawa

Tsarin da John von Neumann ya bayyana a 1945 ya ginu ne bisa masarrafi guda, wanda ke ɗauko umurni daga ma'adana ya zartar, sa'an nan ya ɗauko na gaba. Daga wajejen 2005 sai masana'antu suka koma haɗa masarrafai da yawa a kan guntu ɗaya, domin ƙara wa guda sauri yana haifar da zafi mai tsanani. Wannan shi muke kira aikin gayya: a rarraba aiki, kowa ya kama nasa a lokaci guda.

3.0 Ƙa'idar Amdahl

A 1967 Gene Amdahl ya nuna cewa gayya tana da iyaka. Idan aka kira gayyar noma, kowa na iya kama kunyarsa. Amma haƙar rijiya, ko mutum ɗari suka zo, ɗaya ko biyu ne za su shiga rami. Haka shirin kwamfuta yake. Idan kashi 10 cikin 100 na aikin ba ya rabuwa, masarrafai 4 za su ninka saurin sau 3 ne da 'yan kai, kuma ko dubu aka tara, ba zai wuce ninki 10 ba.

4.0 Hanyar Koyarwa

Ba sai an jira babbar na'ura ba. A 1994 Thomas Sterling da Donald Becker na hukumar NASA ta Amurka sun haɗa ƙananan kwamfutoci 16 suka yi aiki tare, tsarin da ake kira Beowulf. Kwamfutocin ɗakin gwaji sun isa ɗalibi ya raba shiri, ya auna lokaci, ya kwatanta da lissafin Amdahl.

5.0 Kammalawa

Saboda haka, muna ba da shawarar a shigar da wannan gwaji tun zangon farko na darasin. Ɗalibin da ya iya bambanta gona da rijiya ba zai ɓarnatar da dukiyar ma'aikatarsa wajen sayen masarrafan da za su zauna ba aiki ba.