Tallan sakan 30: yadda ake daidaita saurin murya a waya

A Kakuri, Barnawa, Television da Sabon Tasha, mai shago ba sai ya je gidan rediyo ba kafin ya samu tallan murya. Matashi mai waya da manhajar CapCut zai naɗa masa, a ɗora a WhatsApp ko TikTok. Matsalar da ta fi kashe irin waɗannan tallace-tallace ita ce sauri. Mai shago yana so a faɗi duk abin da ke kan kantarsa, lokaci kuma ƙayyadadde ne, sai mai karatu ya riƙa zuba kamar ana korarsa.

Gidajen rediyo kan sayar da lokacin talla ne a sakan 30 ko 45 ko 60. Shi ma bidiyon da ake ɗorawa a sitatus na WhatsApp ya daɗe a kan sakan 30, sai a 2024 aka ƙara shi zuwa minti ɗaya. A Turanci ana ƙiyasta kalmomi kusan 75 a sakan 30, amma bai kamata a ɗauko wannan lissafi a ɗora wa Hausa kai tsaye ba. Agogon da ke cikin waya shi ne alƙali: a karanta rubutun da ƙarfi, yadda za a yi wa aboki bayani, a duba lokacin da ya ci. Idan ya kai sakan 38, to rubutun za a rage, ba numfashi ba.

Dalilin yana cikin harshen kansa. Hausa tana bambanta ma'ana da tsawon wasali da kuma karin sauti. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, jan wasalin farko ne ke raba su. Mai karatu na ƙara wuta, dogayen wasula ne farkon abin da ke gajarcewa. Bahaushe zai iya cike giɓin da kansa, amma a kudancin kogin Kaduna da yawa daga masu sauraro Hausa harshe na biyu ne a wurinsu, akwai Gbagyi da Bajju da Atyap da Ibo da Yarbawa. Kalmar da aka haɗiye ta wuce su ke nan, kuma su ne masu sayen.

Ba kowane layi ne ya cancanci lokaci iri ɗaya ba. Gaisuwa da kirarin kaya za su iya tafiya da ɗan hanzari. Sunan shago, farashi, wurin da yake da lambar waya kuwa, a nan ake taka birki, a ɗan yi shiru kafin a faɗe su da bayan an faɗa. Lambar waya ta Najeriya alƙaluma 11 ce, an fi riƙe ta idan aka yanka ta huɗu, uku, huɗu. Faɗinta sau biyu a natse zai iya cin sama da sakan 10, don haka tun wajen rubutu ake ware mata wuri. Masu karatu kan ja layi ɗaya a inda za su ɗan tsaya, layi biyu a inda za su ja numfashi.

Manhaja tana iya taimakawa, amma kaɗan. A Audacity, Change Tempo yana ƙara sauri ba tare da murya ta sirance ba, saɓanin Change Speed da ke mayar da babban mutum kamar yaro. Sakan ɗaya ko biyu za a iya matsewa ta haka. Fiye da nan kunne zai gane, kamar dai saƙon murya da aka saka a 2x.

Gwaji na ƙarshe shi ne a kunna tallan a lasifikar waya a bakin titi, inda Keke Napep ke wucewa, a ba wanda bai ga rubutun ba ya ji sau ɗaya, sannan a tambaye shi sunan shagon da farashin.