Iskar ɗaki da cutar sanƙarau

Ƙwayoyin cutar da ke yawo a iskar kogon dutse a Nok ko Kagoro suna sauyawa da yanayi, haka ma na ɗakin kwana a Kafanchan. Da damina ƙura takan kwanta, danshi ya yawaita fumfuna. Da hunturu kuwa, busasshiyar iska mai ƙura tana raunana hanci da maƙogwaro, ga mutane cunkushe a ɗaki, taga a rufe. Nan sanƙarau ke samun hanya, ta tari da atishawa, har cikin zafin bazara. A 1996 cutar ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. A 2024 Najeriya ta riga kowace ƙasa fara allurar rigakafin sanƙarau mai suna Men5CV. Jama'a, a buɗe taga, a kai yara rigakafi.