Hadarinmu, Haɗarinsu: Lokacin Zafi a Tsibirin Puerto Rico

Duk wanda ya yi damina a ƙasar Hausa ya san hadari daga gabas yake tasowa. Sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura, mata su shiga kwashe shanya, yara su koro awaki gida, sannan ruwa ya goce. Bayan sa'a ɗaya ko biyu gari ya washe, hadarin ya yi yamma, kowa ya koma sha'aninsa. Ba kasafai muke tambayar inda ya nufa ba. To, akwai mutanen da wannan tambaya ta zame musu batun rai da mutuwa.

Masana yanayi sun daɗe da gano cewa a tsawon damina, duk bayan kwana uku zuwa biyar, wani curin iska mai ɗauke da hadari yakan taso daga gabashin Afirka, ya ratsa Sudan da Chadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali, ya faɗa Tekun Atlantika ta wajen gaɓar Senegal da Gini. Akan sami kimanin 60 irinsa a shekara. Yawancinsu watsewa suke yi a kan teku ba wanda ya ji labarinsu. Amma kaɗan daga ciki sukan sami abin da suke nema, su girma su riƙa, su zama mahaukaciyar guguwa. Mafi yawan manyan guguwoyin da ke afka wa tsibiran Karibiyan daga irin wannan hadari namu suka samo asali. Abin da ya shayar da gero a nan, shi ne kan yaye rufin gida a can.

Ɗaya daga cikin tsibiran da ke kan wannan hanya shi ne Puerto Rico. Tsawonsa bai wuce kilomita 180 ba, faɗinsa kuwa bai wuce kilomita 65 ba, mutanensa sun kai miliyan 3.2. Sifaniyanci suke yi, amma tsibirin yana ƙarƙashin Amurka tun 1898. Babban birninsa San Juan yana bakin teku ta arewa, sannan jerin tsaunuka ya raba tsibirin biyu daga gabas zuwa yamma, mafi tsawonsu Cerro de Punta mai mita 1,338. Baƙi masu yawon buɗe ido rairayi da ruwa garai-garai suke gani a hoto. Ɗan ƙasa kuwa, da zarar watan Yuni ya kama, hankalinsa yakan koma kan rahoton yanayi har ƙarshen Nuwamba.

Abin da baƙo zai fara cin karo da shi zafi ne. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri da ya saba da maki 42 a watan Afrilu zai yi dariya idan aka ce masa zafin San Juan a watan Agusta maki 31 ne ko 32. Sai dai zafi iri-iri ne. Ruwan randa yana sanyi ne domin laimar da ke tsattsafowa a jikinta tana bushewa, bushewar kuma tana tafiya da zafi. Haka gumi yake yi wa jikin ɗan Adam. A bazararmu iska busasshiya ce, gumi na fitowa yana bushewa. A tsibiri kuwa iskar ta riga ta ƙoshi da laimar teku, ba ta da wurin karɓar wata. Sai mutum ya jiƙe sharkaf amma jiki bai huce ba, dare ma bai kawo sauƙi ba. Shi ya sa masana ke da ma'auni na biyu, wanda ke haɗa zafi da laima ya nuna abin da jiki ke ji. A watan Yunin 2023 wannan ma'auni ya haura maki 50 a wani yanki na arewacin tsibirin. Tsofaffi da jarirai da masu ciwon zuciya da leburori masu aiki a rana su ne suka fi shiga haɗari. Idan mutum ya fara jiri da ciwon kai da tashin zuciya, ko ya soma sambatu, to jiki ya gaza sanyaya kansa, sai a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a nemi asibiti.

Akwai kuma wani baƙon da shi ma daga Afirka yake zuwa. Ƙurar Sahara, wadda mu muka sani da hazon hunturu, su a tsakiyar lokacin zafi take riskarsu. Iska takan ɗaga ta sama, ta yi kimanin mako guda tana ƙetare teku, ta sauka a Karibiyan musamman a watannin Yuni da Yuli. A Yunin 2020 an yi wadda aka shekara gommai ba a ga irinta ba, sararin San Juan ya yi fari fat, aka shawarci masu asma su zauna a ɗaka. Abin mamaki, wannan ƙura tana da nata alherin: busasshiyar iskar da ke tafe da ita tana shaƙe hadari, ta hana shi zama guguwa. Sai bayan ta lafa, daga tsakiyar Agusta, hanya take buɗewa.

Tekun ma da ake zuwa domin shan iska yana da nasa tarko. A wasu gaɓoɓi ruwan da igiya ta turo bakin rairayi yakan tattaru ya koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske, kamar kwata ta ɓalle. Daga waje wurin ya fi ko'ina alamar kwanciya, shi ya sa yake ruɗar baƙo. Wanda ya faɗa ciki ya ce lallai sai ya yi iyo ya koma gaɓa kai-tsaye, gajiya ce za ta kashe shi. Dabarar ita ce ya bi gefe, ya yi iyo daura da gaɓa har ya fita daga jan ruwan. Guguwar da ke can nesa, wadda ko gajimarenta ba a gani, tana iya haddasa wannan a ranar da gari yake wasai. Tun daga 2011 kuma wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa, sargasom, ta zama annoba. Takan taru tuli-tuli a gaɓa, ta ruɓe tana warin bara-gurbin ƙwai, ta nannaɗe komar masunta. Gaɓar Afirka ta Yamma ma tana samun rabonta.

Sai uwa uba, guguwa. Abincinta ruwan teku mai ɗumi ne, wanda ya kai maki 26 da rabi ko fiye. Tururi ya tashi sama ya zama gajimare, ya saki zafi, zafin ya ƙara jawo wata iskar daga ƙasa, juyawar duniya kuma ta sa abin ya riƙa kewayawa kamar an juya fura a ƙwarya. Idan gudun iskar ya kai kilomita 119 a sa'a, ta shiga mataki na ɗaya. Daga 252 zuwa sama, mataki na biyar ke nan, wanda babu na gaba da shi. A tsakiyarta akwai fili da ake kira ido, inda iska ke kwantawa har a ga rana. Mutane da dama sun halaka domin sun ɗauka an gama, suka fito duba ɓarna, sai ɗaya ɓarin ya iso da iska daga wata fuskar. A hukumance lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, amma ganiyarsa wajen 10 ga Satumba ce.

Mutanen wannan tsibiri ba yau suka san ta ba. Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan guguwa da ita ma daga bakin Taino aka aro ta, wato mutanen asali na tsibiran. A da, akan raɗa wa guguwa sunan waliyyin Katolika da ranarsa ta dace da zuwanta. San Ciriaco ta 8 ga Agustan 1899 ta kashe fiye da mutum 3,000, ta kuma durƙusar da noman kofi. San Felipe ta Satumban 1928 ta zo a mataki na biyar. An yi Hugo a 1989, an yi Georges a 1998. Amma wadda 'yan zamani ke lissafin shekaru da ita, su ce kafin ta ko bayan ta, ita ce Mariya.

A ranar 12 ga Satumban 2017 wani hadari ya bar gaɓar Afirka ta Yamma. Kwana huɗu bayan nan aka raɗa masa suna Mariya. Ya ragargaza tsibirin Dominika a ranar 18, sannan da asubahin 20 ga wata ya shiga Puerto Rico ta garin Yabucoa da ke kudu maso gabas, iska na gudun kusan kilomita 250 a sa'a. Mako biyu kacal kafin nan guguwar Irma ta gifta ta arewa ta raunana layukan lantarki. Mariya ta ratsa tsibirin a karkace ta fita ta arewa maso yamma. A yankin Caguas ruwan da ya sauka ya haura milimita 900, wato kwatankwacin abin da Kano ke samu a damina sukutum. Ƙasa ta zaftare a wurare fiye da 40,000 a kan tsaunuka, gadoji suka karye, madatsar ruwan Guajataca ta lalace har aka kwashe mutanen da ke ƙasa da ita. Lantarki ya ɗauke a tsibirin baki ɗaya, kusan duk turakun wayar salula suka daina aiki, gonakin ayaba da na kofi suka kwanta.

A nan ne darasin yake. Da farko gwamnati ta ce mutum 64 suka mutu. Jama'a suka ƙi yarda, domin kowa ya san wanda ya binne. Aka ba Jami'ar George Washington aikin bincike, ta kwatanta yawan mace-macen watanni shida bayan guguwar da na shekarun baya, ta fito da adadi 2,975, gwamnati kuma ta karɓa a Agustan 2018. Ina sauran suka fito? Ba iska ce ta kashe su ba. Mai wankin ƙoda ne da asibitinsa ba wuta. Mai ciwon suga ne da allurarsa ta lalace saboda firji ya mutu. Tsohuwa ce a ƙauyen kan dutse da motar asibiti ba ta da hanyar isa gare ta. Wani ya sha ruwan rafi da fitsarin ɓera ya gurɓata, wani ya kunna janareto a cikin gida hayaƙi ya ɗauke shi yana barci. Sai da aka yi wata 11 kafin gida na ƙarshe ya sake ganin wuta. Iskar wuni ɗaya ta yi, amma kisanta ya ɗauki watanni.

Zama a tsibiri shi ya ƙara tsananta lamarin. A babban yanki, idan bala'i ya auku, mutane su hau mota su yi gaba, tirela ta kawo agaji daga maƙwabta. A tsibiri ba inda za a gudu, kuma mafi yawan abincin da ake ci da man da ake ƙonawa da jirgin ruwa suke shigowa. Ko kayan sun iso tasha, in hanya ta toshe, a nan za su zauna.

Kada kuma a ɗauka sai babbar guguwa ce ke ɓarna. Fiona ta 18 ga Satumban 2022 a mataki na ɗaya ta zo, amma ta yi tafiyar hawainiya tana zuba ruwa, ta sake jefa tsibirin duka cikin duhu. A Oktoban 1985 ma ba guguwa ba ce, ruwa ne kamar da bakin ƙwarya ya sa gangaren dutse ya rufto wa unguwar Mameyes a birnin Ponce cikin dare, mutum sama da 100 suka rasu. Bayan ruwa ya janye kuma sai sauro ya karɓi aiki. Irin sauron da ke cizo da rana, mai ƙyanƙyasa a tsohuwar taya da gwangwani da tukunyar fure, shi ke yaɗa zazzaɓin dengi, wanda ya sa hukumar lafiya ta ayyana dokar ta-ɓaci a Maris na 2024. Shi ne kuma ya yaɗa chikungunya a 2014 da zika a 2016.

Wahala ta koya wa mutanen tsibirin cewa rigakafi ya fi magani. Kafin Yuni ake sassare rassan itatuwa, a yashe magudanai, a duba ƙyauren ƙarfen da ake rufe tagogi da shi. Gida mai tanadi yana da tankin ruwa, da abincin gwangwani na kwanaki, da maganin marar lafiya, da tocila, da rediyo mai batir, da tsabar kuɗi domin na'urar banki ba ta aiki ba wuta, da takardu masu muhimmanci a cikin leda. Cibiyar lura da guguwa da ke Miami tana bin kowane hadari tun yana gaɓar Afirka, har jirage ake turawa cikinsa su auna ƙarfinsa, don haka akan sami gargaɗin kwanaki, a buɗe makarantu su zama mafaka. A garin Adjuntas da ke kan tsauni, wata ƙungiyar al'umma mai suna Casa Pueblo ta riga ta kafa lantarki mai aiki da hasken rana, sai ta zama wurin da ake cajin waya da kunna na'urorin marasa lafiya lokacin da Mariya ta jefa ko'ina cikin duhu. Tun daga nan dubban gidaje suka ɗora faifan sola a rufinsu.

Mu ba mu da teku a bayan gida, irin wannan guguwa kuma ba ta zuwa mana. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau ya san cewa ranar da ruwa ya shigo ba ita ce ƙarshen musiba ba. Rijiyar da ta gurɓata, da asibitin da ba wuta, da maganin da ya yanke, da sauron da ya biyo baya, su ne ke ci gaba da ɗibar rayuka bayan 'yan jarida sun tattara sun tafi. Tanadin waɗannan kwanaki kuwa tun rani ake yin sa, ba ranar da sama ta yi baƙi ba.

Idan hadarin Agusta ya gama zuba a gonarka ya yi yamma, ka gode wa Allah da ya ba ka ruwa. Ka kuma yi wa mutanen da ke can ƙarshen hanyarsa addu'ar ya watse a kan teku.