Yadda A Ke Haɗa Bindigar Wasa Da Kara Da Kwali

Mu mutanen Lausu da Rano da Kibiya, wasan kwaikwayo ba baƙonmu ba ne. In azumi ya kwana goma, yara su kan fita tashe da dare. Wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani. In kaka ta yi kuma, a garuruwan da ba su bar kalankuwa ba, samari su kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan sandansu. Kowa sai ya nemi suturar da ta dace da wanda ya ke kwaikwayo.

Yanzu wani baƙo ya shigo wasan. Yaranmu suna kallon fim a waya da gidajen kallo, suna ganin mayaƙan sararin samaniya da makamai masu fid da haske. Irin wannan fim ƙagaggen labari ne na kimiyya, watau ana nuna abin da a ke zaton ilmi zai kawo nan gaba. To, ran da malamin makaranta ya shirya wasa, sai yaro ya ce shi mayaƙin sama zai zama, a nemo masa bindiga. In babba bai kula ba, yaron zai je ya haɗa da kansa, da bututun ƙarfe da ƙusa. Nan hatsari ya ke. Saboda haka za mu bayyana yadda a ke haɗa ta a gida, ta yi kyau a ido, ba ta cuci kowa ba.

Asalin Abin

Mafi shahara cikin irin waɗannan finafinai shi ne Star Wars, na wani Ba'amurke, George Lucas. An fara nuna shi a shekarar 1977. An ɗauki wani sashe a ƙasar Tunisiya, wani kuma a Elstree, kusa da birnin Landan, a 1976. Kuɗin aikin bai yalwata ba. Mai shirya kayan wasan, Roger Christian, sai ya shiga tsince-tsince cikin tsofaffin kaya. A wani kantin kayan hoto a Landan ya sami mariƙin fitilar kyamara ta dā, mai suna Graflex. Ya manna masa 'yan guntayen roba, ya zama ƙotar takobin haske wanda duniya duka ta sani. A 1978 aka ba shi babbar lambar yabo ta Oscar tare da abokan aikinsa.

Kun gani ke nan, ba tsadar kaya ke sa abin wasa ya yi kyau ba. Ido ne da haƙuri. Abin da ya samu a Landan, muna da madadinsa a gona da bayan ɗaki.

Ƙa'idodi Uku

Kafin mu taɓa wuƙa, sai mu riƙe ƙa'idodi uku.

Ta farko, kada ta harba kome. Ba dutse, ba tsinke, ba ashana, balle albarushi. Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ta hana ƙera bindiga ba tare da izini ba. Ko a wurin manyan masu fim, makami na gaske ya sha yin ɓarna. A 1993 ɗan wasa Brandon Lee ya mutu a Amurka ana cikin ɗaukar fim, domin an harbe shi da bindigar da aka zaci babu kome cikin bakinta.

Ta biyu, kada ta yi kama da bindigar gaske. An ce kama da wane ba ta wane, amma cikin duhu mai tsoro ba ya tsayawa ya bambanta. A 2014, a birnin Cleveland na Amurka, ɗan sanda ya harbe wani yaro mai shekara 12 wanda ke riƙe da bindigar wasa. Tun 1988 dokar ƙasar ta ce a sa wa bakin bindigar wasa alama mai ruwan lemo, amma tasa alamar ta cire. A nan bindigar mayaƙin sama ta fi ta soja, gama babu irinta a duniya, kowa ya gan ta ya san ta wasa ce.

Ta uku, kada ta yi nauyi, kada ta yi kaifi ko tsini. In ta faɗa wa jariri a ƙafa, kada ya ji ciwo.

Kayan Aiki

Ga abin da za a tanada: busasshen karan dawa mai kauri, miƙaƙƙe, kwali mai ƙarfi, irin na taliya ko sabulu, gorar lemo ta roba, ƙarama, murafen kwalba na roba guda 4, tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti, fulawa, zare mai ƙwari, tsumma, fenti, ƙaramar tocila, in akwai. Sai rula da fensir da almakashi da wuƙa. Wuƙa a hannun babba za ta zauna, yaro ya riƙe almakashi.

Yadda A Ke Yi

1. Awo. A gwada hannun yaron daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Kada tsawon bindigar ya wuce wannan. A rubuta adadin a takarda. Mu ɗauka ya zama inci 14. Inci ɗaya kuwa santimita biyu da rabi ne, da ɗan ɗoriya.

2. Zane. A samu takarda mai faɗi, a ja layuka tsaye da kwance, tsakanin kowane layi da ɗan'uwansa inci 1. Sai ta zama gida-gida kamar dara. A zana surar bindigar a kai, ana ƙirga gidaje: tsawo gida 14, mariƙi gida 5. Wanda ya yi zane kafin yanka ba ya ɓarnar kaya.

3. Jiki. A yanka kara guda 3, kowanne inci 12. A jera biyu a ƙasa, ɗaya a bisa, a ɗaure tam da zare a wuri uku. Ɓawon kara yana yanka hannu, saboda haka a kankare gefen da aka yanka har ya yi laushi. Kada a rarake totuwar da ke ciki. Baki a toshe shi mu ke so.

4. Mariƙi. A ɗora zanen a kan kwali, a yanka surar mariƙi sau 4, a manne su wuri ɗaya su yi kauri. A bar wa na waje biyu kunne mai tsawon inci 2 a sama, domin a rungume karan da su a ɗaure. Kunama kuwa ta kwali za a yi, a manne ta, ba ta motsi.

5. Baki. A yanke gindin gorar roba, a zura karan ta nan har inci 3, a cika gefe da tsumma, a ɗaure. Sai bakin ya yi ƙullutu kamar tulu, ba kamar na bindigar gaske ba. A manna murafen kwalba a gefe su zama maɓallai. A yanka fukafukai biyu na kwali a sa a baya.

6. Rufi. A dama fulawa cokali 2 cikin ruwa kofi 1, a ɗora a wuta ana motsawa har ta yi kauri kamar koko. A zuba gishiri kaɗan don kada ta yi saurin funfuna. A yayyage takarda siri-siri, a tsoma, a shafe jikin duka ban da gorar. A bari ya bushe, sa'an nan a ƙara. Sau uku ya isa. Da hunturu ya kan bushe da wuri, da damina sai an yi haƙuri. Wanda ya yi fenti a kan ɗanyen rufi, aikinsa zai ruɓe daga ciki.

7. Launi. A fara shafa fari ko'ina. In ya bushe, a yi ado da rawaya da kore da shuɗi. A bar baƙi da ruwan toka da ruwan ƙasa, domin su ne launin makaman gaske. A naɗa wa wuyan gorar ƙyalle mai ruwan lemo, wanda za a hango daga nesa.

8. Haske. In ana so ta yi walƙiya, a kunna ƙaramar tocila, a naɗe kanta da leda mai launi, a sa cikin gorar ta gefe. Kada a yi amfani da fitilar nan mai jefa jan ɗigo daga nesa, gama tana lahanta ido. Kyandir da aci-bal-bal kuwa ko kusa, kara da takarda abincin wuta ne.

In an gama, a rataye ta a ƙusa, nesa da ƙasa. Gara tana son kara, ɓera yana son fulawa.

Suturar Da Za Ta Bi Ta

Sauran kayan ba su da wuya. Kwali ya isa sulken ƙirji da na dantse. Tsohuwar ƙwarya, in an rufe ta da takarda an yi mata fenti, ta zama kwalkwali. Amma a bar fuska a buɗe, kowa ya san ɗan wane ne. Kada kuma a sa wa yaro kakin soja ko na ɗan sanda, ko abin da ya yi kama da su.

Inda A Ke Fita Da Ita

Wurinta filin makaranta ne, da ƙofar gida, da dandali inda manya su ke zaune. In za a tafi da ita, a sa ta cikin buhu. Ba a shiga kasuwar Rano da ita a hannu, ba a tsayawa da ita bakin titi, ba a nuna baƙo da ita ko da wasa. In wasan na jama'a ne, a sanar da mai unguwa tun da wuri, a kuma tambaya ko hukuma ta yarda. A azumin 2024 'yan sandan Jihar Kano sun hana tashe, domin ɓata-gari suna fakewa da shi suna ƙwace. Duk wanda ya fito da abin da zai tsorata mutane, ya ƙara wa masu hanawa hujja, ya kuma jawo wa sauran yara asara.

Iyaye, mu zauna mu yi aikin nan tare da 'ya'yanmu. Yaron da ya karanta rula, ya rubuta adadi, ya bi zane gida-gida, ya fara koyon abin da kafinta da tela da magini su ke ci da shi. Mu ma da mu ke ajin manya, mun sami wurin gwada lissafinmu.

Tambayoyi

1. Da me aka yi ƙotar takobin haske na Star Wars?
2. Faɗi ƙa'idodi uku na bindigar wasa.
3. Don me ba a shafa mata baƙin fenti?
4. In kowane kara inci 12 ne, inci nawa ke cikin kara 3?
5. Auna hannunka daga gwiwa zuwa kan yatsa, ka rubuta adadin a littafinka.