Ruwa Ya Ci Lokoja, Manja Ya Yi Tsada a Birnin Zariya



A zaman kulob ɗinmu na makon jiya wata 'yar ajinmu ta kawo tambayar da ta hana mu tashi da wuri. Mahaifiyarta tana yin alale a gida, ƙannenta na kai wa bakin makarantar allo. Ta ce duk sanda aka ji a rediyo ambaliya ta ci wani gari, ko da garin ba a jiharmu yake ba, kwana kaɗan sai mai manja ya ƙara wa kwalba kuɗi. In ka yi magana ya ce ai ruwa ne. Wane ruwa, alhali nan cikin ganuwa ko tabarma ba ta jiƙe ba? Mahaifiyar tata tana ganin cuta ce kawai ta 'yan kasuwa. Muka rabu biyu, wasu suka ce cuta ce, wasu suka ce a'a. Sai muka raba aiki. Wasu suka je wurin malaminmu na darasin zamantakewa, wasu suka tambayi wani direban tirela da ke unguwarmu, wasu kuma suka zaga kasuwa. Ga abin da muka samo.

Mu fara da tukunyar gidanmu. Masara, dawa, wake da barkono namu ne, ana noma su nan kusa, wajen Giwa da Soba da Saminaka. Amma manja ba ya fitowa a ƙasar Zazzau, daga kudu ake kawo shi a jarkoki. Haka goron da kakanninmu ke ci. Ayaba da garin kwaki mai yawa daga can suke. Lemo da doya suna zuwa daga wajen Binuwai da Nasarawa da Neja. Sukari da gishiri yawanci a Legas ake loda su. Man fetur kuwa, tun da matatar Kaduna ta yi shekaru ba ta aiki, tankoki ne ke ɗauko shi daga kudu. Duk waɗannan a kan taya suke zuwa mana. In ka tsaya a Ɗanmagaji ko Kwangila na rabin awa ka ƙirga manyan motoci, za ka gaji ka bari.

Yanzu ku dubi taswirar Najeriya da ke bangon ajinku. Kogin Neja, wanda tsofaffi ke kira Kwara, ya shigo ta yamma. Kogin Binuwai ya shigo ta gabas daga Kamaru. Sun haɗu a Lokoja, suka gangara teku tare. Wato duk motar da ta taso daga kudu za ta zo Zariya sai ta tsallake ɗaya daga cikin kogunan nan biyu, kuma gadojin da manyan motoci suka fi bi ba su da yawa. Akwai ta Jebba, ga mai tasowa daga Legas ta Ibadan da Ilori. Akwai gadar Murtala Muhammad da ke Jamata, tsakanin Lokoja da Koton Karfe, a kan hanyar Abuja. Sai kuma ta Makurɗi a kan Binuwai. Malaminmu ya ce mu kwatanta da ƙofofin ganuwa a zamanin da. In aka rufe Ƙofar Doka, kowa zai kwarara Ƙofar Kibo ko Ƙofar Kuyambana, nan ma a cushe.

Abin da ya faru a shekarar 2022 ke nan, lokacin muna firamare. Damina ta yi ƙarfi ƙwarai a wannan shekara. A watan Satumba kuma aka saki ruwa daga madatsar Lagdo da ke Kamaru, wadda ke kan Kogin Binuwai. Ruwan ya bi ta Adamawa da Taraba da Binuwai har ya isa Lokoja, ya tarar Neja ma ta cika. A farkon Oktoba ruwa ya hau kan titin Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton Karfe. Motoci suka yi layi mai tsawon gaske, wasu suka kwana, wasu suka yi kwanaki. Gwamnati ta ce ambaliyar wannan shekara ta kashe mutum sama da 600 a faɗin ƙasa, ta raba sama da miliyan 1.3 da gidajensu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Daga Zariya zuwa Lokoja ya haura kilomita 400, amma duk da haka abin ya iso mu.

Direban da muka tambaya yana cikin waɗanda suka maƙale a wancan layi, kuma shi ya fi kowa fahimtar da mu yadda kuɗi ke ƙaruwa. Ya ce tirela ba ta cin riba sai tana tafiya. In ta tsaya kwana biyar, shi da yaran mota biyu sai sun ci abinci kwana biyar, kuma abincin bakin hanya a irin wannan lokaci ninka kuɗinsa ake yi, har ruwan leda. Mai mota kuma ya yi asarar sawun da da an yi a waɗannan kwanaki. In direba ya ce zai juya ya bi wata hanya, to ya ƙara ɗaruruwan kilomita, ya ƙara man dizal, ya ƙara shingayen da ake tsayar da shi, ga tayoyi na ci. Duk wannan ba daga aljihun mai mota zai fita ba. Zai ɗora a kuɗin ɗauko kaya. Ɗan kasuwar da ya yi lodi zai raba ƙarin a kan jarkokinsa, mai sari ya raba a kan galan, mai tebur ya raba a kan kwalba. A ƙarshe sai ya sauka a kan mai alale, wadda ba ta da wanda za ta tura wa sai yaron da ya zo da kuɗin tara.

Ya ƙara mana da wani abu da ba mu yi tunani ba. Ba kowane kaya ke jure jira ba. Siminti da gishiri za su iya kwana goma a mota. Ayaba kuwa in ta yi kwana uku cikin zafi a rufe da tamfol, sai a zubar. Goro ma yana da laulayi. To in mota biyar suka taso, biyu suka lalace a hanya, ukun da suka iso su ne za su biya asarar.

Sai maganar fetur. A wancan Oktoba hukumar da ke kula da harkar mai ta fito ta ce ambaliyar Lokoja ce ta tare tankoki, shi ya sa layi ya dawo gidajen mai a Abuja da jihohin da ke kusa. Manyanmu sun ce sun tuna yadda 'yan bumburutu suka cika bakin titi da galan. In fetur ya yi wuya, mai keke napep zai ƙara kuɗi daga Ƙofar Doka zuwa Sabon Gari, ɗan acaɓa ma haka, mai injin niƙa ma haka. Kun ga ke nan ko waken alalen namu ne, niƙa shi sai da man da ya tsallako kogi.

Mu kuma da muka ɗauka mu kaɗai ake cuta, ashe hanya gaba da baya take. Motocin da ke kawo mana manja ba sa komawa wayam. Suna ɗaukar albasa, wake, masara, tumatir da attaruhu, wasu kuma shanu da raguna, zuwa kasuwanni irin su Mile 12 a Legas. A ranar 29 ga Mayu, 2025, ambaliya ta afka wa garin Mokwa a Jihar Neja da asuba, mutum sama da 150 suka rasu, ruwa ya kuma yanke hanyar da ta bi ta Jebba zuwa kudu. Kwana takwas ne ya rage a yi Babbar Sallah, wadda ta kama 6 ga Yuni. Ku yi tunanin motar da aka cika da raguna ta tsaya cak a rana, ba ciyawa, ba wurin sauke su. A irin wannan hali mutumin Legas yana sayen albasa da tsada, manomin nan kuma yana zaune da buhunansa dillali ya ƙi taya su da daraja, don ya san ba hanyar fita. Duka biyun sun yi asara, kuma ba su san juna ba. Wannan hanya ta Mokwa ba karon farko ba ne. A 2017 ma gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye da damina. Wani ɗan kulob ya ce to a koma jirgin ƙasa mana, ga tasha nan a Sabon Gari. Da muka duba taswira sai muka ga tsohon layin dogon Legas zuwa Kano shi ma ta Jebba da Mokwa ya biyo.

Duk wannan tsada ce mai saurin zuwa, kuma in ruwa ya janye aka buɗe hanya takan ɗan sauka, ko da yake a ganinmu hawa ya fi mata sauƙi. Akwai wata mai zuwa a hankali, ita ce ta gona. A 2022 Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wuya. Ruwa ya shanye gonakin shinkafa a wajen Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa kafin a yi girbi. Shinkafar da ta nutse a Satumba ba za ka ji rashinta a Satumba ba, sai lokacin kaka, da ake sa ran sabuwa ta shigo farashi ya karye, sai a ji shiru. 'Yan kasuwar da suka saba saye a can kuma sai su juyo kasuwanninmu, su yi ta saye, namu ma ya tashi.

Gabas ma ta taɓa mu. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum na Jihar Bauchi. A ranar 10 ga Satumba kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri har cikin Kasuwar Monday. Ta wannan ɓangare bandar kifi ke zuwa mana.

Amma mu na birni da sauƙi. Waɗanda suka zo makarantar nan daga ƙauye sun ba mu labari cewa kwalbati ɗaya tak in ya tafi, gari ya rufe. Mota ba ta shiga, sai babur ya kai bakin ruwa, a ɗauki buhu a ka a tsallake, wani babur ya karɓa a wancan gefe. Buhu ɗaya, kuɗin dako uku. Mai shago ba ya samun sabulu da ashana da magi, manomi ba ya samun taki a lokacin da masara ke nema, ranar kasuwa ta wuce ba a fita da komai ba. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne mace mai naƙuda da ake son kawowa asibiti a Zariya cikin dare. Wannan ba ya shiga labaran rediyo, don ba babban titi ba ne.

To, ke nan babu cuta? Mun yi gardama sosai a nan. Wani mai sayar da manja a kasuwar birni ya yi mana bayani cewa ko jarkar da ke shagonsa tsohuwa ce, in ya sayar a tsohon farashi kuɗin ba za su sayo masa sabuwa ba, jarinsa ya karye ke nan. Wannan hujja ce, mun karɓa. Sai dai mun lura akwai masu ƙara wa kuka da kuɓewa busasshiya kuɗi su ma su ce ruwan Lokoja ne. Kukar da aka kaɗo a bayan gari, wane kogi ta tsallaka? Akwai kuma masu ɓoye kaya da zarar sun ji labarin ambaliya, su jira ya yi wuya. Malamin Islamiyyarmu ya ce addini ya hana ɓoye abinci don a tsananta wa mutane. Saboda haka hukuncin kulob shi ne, yawancin ƙarin gaskiya ne, amma akwai masu fakewa da guzuma su harbi karsana.

Mun kuma ga cewa ba kowa tsadar ke kamawa lokaci ɗaya ba. Gidan da ke sayen jarkar manja da buhun shinkafa zai iya wata guda bai ji komai ba, kafin nan wataƙila an gyara hanya. Gidan da ke awo kullum, tiya ɗaya yau, rabin kwalba gobe, shi ke fara ji tun ranar farko. Yawancinmu a wannan makaranta daga irin gida na biyu muka fito.

Wani abu da malaminmu ya nuna mana a taswira ya ba mu mamaki. Ruwan da ya sauka a kan rufin ajin nan yana bin kwata ya faɗa rafi. Kubanni tana zuba a Galma, Galma tana zuba a Kogin Kaduna, Kogin Kaduna ya wuce ta madatsar Shiroro ya je ya faɗa Neja, Neja kuma ta nufi Lokoja. Wato cikin ruwan da ya tare motar manjanmu a Koton Karfe har da namu na Zariya.

'Yar ajin tamu ta kai wa mahaifiyarta duk wannan bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta yarda da rabi. Ta ce ita dai ba za ta iya ƙara wa alale kuɗi ba, don yaran ba su da shi, sai dai ta rage cikon gwangwani. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma kulob ya ɗauki alkawarin liƙa na baɗi a wannan allo da zarar ya fito, don mai hali ya sayi manjansa kafin Satumba.