Ƙafar da Ba Ta Kuka Ita Ce Abar Tsoro

Duk wanda ya taɓa fitowa sallar asuba a Nasarawa Gwom cikin watan Disamba ya san abin da ake kira sanyin Jos. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma akwai daren da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10. Mutum ya rufe kai da hular sanyi, ya naɗe wuya, ya cusa hannu cikin aljihu, amma ƙafa tana cikin silifas, ƙura da iskar hunturu suna ta cin ta. Kafin Janairu ya ƙare dunduniyar mutane da yawa ta yi kaushi, ta yi faso, wata har da jini. Ba wanda ya ɗauki wannan ciwo. A goge da dutse, a shafa man kaɗanya ko basilin, shi ke nan. Ga mai lafiya, hakan ya wadatar. Ga wani kuwa, wannan 'yar tsagar ita ce mafarin rasa ƙafa.

Mu Hausawa muna auna ciwo da zafinsa. Jiki magayi, in ji mu. To amma a sha'anin ƙafa magayin nan yakan yi ƙarya: wani lokaci ya yi ta kururuwa a kan abin da zai warke da kansa, wani lokaci ya yi gum a kan abin da zai kai mutum ɗakin tiyata.

Ɗauki ciwon dunduniya. Mai tsayuwa a rumfa tun safe a Farin Gada, da ɗan dako, da matar da ke wuni tsaye a gaban kaskon suyar ƙosai, duk sun san shi. Mutum ya sauko daga gado, takun farko ya ji kamar ya taka ƙusa, bayan 'yan mintuna ya lafa, da yamma ya dawo. A ƙafa guda akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma ƙarƙashinsu akwai wata jijiya mai faɗi da ta tashi daga dunduniya zuwa gindin yatsu, tana riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa kamar tsirkiyar baka. Yawan tsayuwa a kan siminti, ƙiba, da takalmi maras laushi su ne ke gajiyar da ita. Cikin dare ta tsuke, da safe nauyin jiki ya miƙar da ita farat ɗaya. Zafin yana da tsanani, amma galibin masu shi suna warkewa cikin watanni ba tare da tiyata ba, in suka sauya takalmi, suka riƙa miƙar da agara da sha-raɓa, suka riƙa mirgina tafin ƙafa bisa kwalba. Wasu kan ɗauki hoto a ce musu ƙashi ya yi tsiro kamar ƙaya, hankalinsu ya tashi, alhali mutane da dama suna da wannan tsiron ba su taɓa jin komai ba. Abin da ya fi ciwon haɗari shi ne a shafe watanni ana haɗiyar ƙwayar kashe zafi daga kemis, domin ita ce ke ɓata ciki da ƙoda.

Targaɗe ya fi wannan rikici. Jos garin ƙwallo ne, garin da aka haifi Ahmed Musa, kuma yaranmu suna buga tasu a fili mai tsakuwa, manya suna bin lungu mai duwatsu da kwata cikin duhu. Ƙafa ta gurɗe ciki, jijiyoyin da ke gefen waje na idon sawu su ɗame ko su yage, wuri ya kumbura. Maganar farko da za ka ji ita ce "ai targaɗe ne", sai a kira mai ɗori ya ja, a gasa da ruwan zafi, a mulke da man zafi. A kwana biyun farko duk waɗannan ƙara kumburi suke yi. Abin da wurin ke so shi ne hutu, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, ɗauri mai sassauci, da ɗora ƙafa bisa matashi.

Yaya za a bambance targaɗe da karaya? A shekarar 1992 likitoci a Ottawa ta ƙasar Kanada suka fito da wata 'yar ƙa'ida da asibitocin duniya ke aiki da ita har yau. In mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko kuma aka danna kan ƙashin idon sawun kansa ya ji zafi, a ɗauki hoto. Ban raina masu ɗori ba. Akwai waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma wasunsu da kansu suke cewa a kawo hoto tukuna. Amma idon sawu gaɓa ce mai ɗaukar nauyin jiki duka, in ƙashinta ya haɗe a karkace, ɗingishi da ciwon gaɓa sun zama na har abada. Mafi muni shi ne ɗaurin karare da ya matse har ya tare jini. In yatsu suka yi sanyi, suka canja launi, ko zafi ya ƙaru bayan ɗori, a kwance nan take a nufi asibiti, kada a jira gari ya waye. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, ga asibitin ƙwararru na jihar Filato, ga Jankwano, in abin ya girma ga asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Sai ƙafar da ba ta kuka, wadda ita ce ta sa ni wannan rubutu. Ciwon suga in ya daɗe ba a kula da shi ba, yana kashe ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, yana kuma tsuke hanyoyin jini. Da farko mutum yakan ji kamar ana tsira masa allura, ko tafin ƙafa yana zafi da dare, ko kamar yana taka auduga. Daga baya sai shiru. Dattijo ya ce ya samu sauƙi, alhali mai gadin ne ya mutu. Fatar irin wannan ƙafa ba ta gumi sosai, don haka ta fi saurin faso, kuma rauninta ba ya saurin warkewa.

Yanzu haɗa wannan da sanyin Jos. Baba ya miƙa ƙafa kusa da kaskon gawayi yana jin ɗumi, fata tana ƙonewa bai sani ba. An dafa masa ruwan alwala, ya zuba a ƙafa ba tare da an sirka ba. Tsakuwa ta shige cikin takalmi ya wuni yana taka ta. Mai yankan farce ya zo ƙofar gida, ya kankare kaushi da aska, ya ɗan yanke shi. Babu zafi, don haka babu wanda ya duba. Sai wari ya tashi, ko safa ta jiƙe, sannan a ankara, a tsaya kuma ana barbaɗa garin magani ana cewa sammu ne ko an taka asiri. Galibin ƙafafun da ake yankewa saboda suga daga irin wannan ƙaramin gyambo suka fara, kuma tsoron a yanke shi ne ke sa a makara har yankewar ta zama dole.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mun fi kowa damar kauce wa wannan. Musulmi yana wanke ƙafarsa sau biyar a rana. Ba a nemi ya ƙara komai ba illa ya duba abin da yake wankewa: tafin ƙafa, dunduniya, tsakanin yatsu. In ido ya yi rauni ko baya ya ƙi lanƙwasuwa, ɗa ko jika ya duba masa. A tsane tsakanin yatsu da kyau, domin damshi ne ke kawo cin ruwa. A shafa mai a dunduniya, ban da tsakanin yatsu. A gwada zafin ruwa da gwiwar hannu. A kakkaɓe takalmi kafin a sa, a daina yawo ba takalmi ko da a tsakar gida ne, a sa safa maimakon matsawa kusa da wuta.

Jihar nan ta taɓa yin nasara a kan ciwon ƙafa da ake gani kamar ƙaddara. A 2017 aka sanar cewa Filato da Nasarawa sun kawar da cutar da ke kawo tundurmi, bayan shekaru ana rabon magani da gidan sauro tare da Cibiyar Carter. Na suga ba a rabon maganinsa gida gida, mai ido a cikin gidan ne zai fara gani.

Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon suga ta duniya, kuma tana zuwa ne daidai bakin hunturu. In kana da mai suga a gida, yau bayan isha'i ka ce, "Baba, miƙo ƙafar in gani." In ka ga tsaga mai ruwa, ko bororo, ko wurin da ya yi baƙi, ko da ya rantse maka ba ya jin komai, ku kama hanyar asibiti gobe da safe.